Labarin Zuciya: Wace Fuska Za A Tambaya?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Karin magana ce da ba a cika yi mata gardama ba, domin kowa ya taɓa duban wani ya gane cewa yau ba lafiya, tun kafin ya buɗe baki. Amma kuma bakin da ya faɗi wannan shi ne ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, shi ne kuma yake yabon mai kawaici, yana kushe wanda duk abin da ya taɓa ransa sai an gani a idonsa. To, in fuska ce mai ba da labari, me ya sa ake horon yaro tun yana ƙarami ya hana ta magana? In kuwa an hana ta, ta yaya mutanen gari ɗaya suke gane halin da junansu ke ciki, har ba safai suke kuskure ba? Wannan ita ce tambayar da nake so in ɗan tattauna da malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. Yawancin misalaina zan ɗauko su ne daga inda aka binne cibiyata, watau Falgore ta Ƙaramar Hukumar Rogo, a yammacin Jihar Kano, can inda ƙasar Karaye ta yi iyaka da Zazzau da Katsina. Na faɗi haka ne don kada mai karatu ya ɗauka dajin nan na wajen Doguwa nake nufi. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Tambayar ba sabuwa ba ce a wurin masana. A shekarar 1872 Charles Darwin ya fitar da littafi a kan yadda mutum da dabba suke bayyana abin da ke ransu. Kafin ya rubuta shi sai da ya aika da tambayoyi zuwa ga 'yan mishan da sauran Turawa mazauna ƙasashe masu nisa, yana neman su gaya masa ko mutanen can su ma suna zare ido in sun yi mamaki, suna ɗaure fuska in sun husata. Daga amsoshin da ya samu ya yanke hukuncin cewa wannan gado ne na 'yan Adam baki ɗaya. Bayan kusan shekara ɗari, wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Paul Ekman, ya tafi tsaunukan Fafuwa Niyu Gini a 1967 da 1968, wurin wata al'umma da ake kira Fore, waɗanda a lokacin galibinsu ba su taɓa kallon majigi ba. Dabararsa mai sauƙi ce. A ba mutum ɗan gajeren labari, misali a ce wani ne ɗansa ya rasu, sa'an nan a ajiye masa hotuna uku na fuskokin Turawa, a ce ya nuna wadda ta dace da labarin. A rahoton da suka buga a 1971, shi da abokin aikinsa Wallace Friesen, an gwada manya 189 da yara 130, kuma mafi yawansu sun zaɓi hoton da Ba'amurke zai zaɓa, sai dai sun riƙa rikita fuskar tsoro da ta mamaki. Daga nan maganar ta bazu cewa akwai yanayi shida da fuskar kowane ɗan Adam ke nunawa iri ɗaya: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki.

Su ma ba su musanta cewa al'ada na da nata rabo ba. Sun yi wani gwaji da ɗaliban Amurka da na Jafan, inda aka nuna wa kowa fim mai tayar da hankali yana zaune shi kaɗai, ana ɗaukar hotonsa bai sani ba. Duka ɓangarorin biyu suka yamutsa fuska iri ɗaya. Da aka shigo da wani babba ya zauna tare da su, sai Jafanawan suka rufe yamutsewar da murmushi. Suka ce ashe fuska ɗaya ce, sai dai kowace al'umma tana da dokokinta na abin da za a bari a gani da wanda za a rufe.

Ranar da na fara karanta wannan sai na ji kamar da mu ake, domin Bajafanen nan da ya yi murmushi a gaban babba ɗan'uwana ne a wajen kara. Amma da na ƙara nazari sai na ga akwai inda bayanin ya tsaya bai ƙarasa ba. Ya ɗauki al'ada kamar murfin tukunya: abinci na ciki, murfi na sama, in kana son sanin abin da aka dafa sai ka ɗaga murfin. A Falgore kuwa sau da yawa murfin shi ne saƙon. Wanda ya iya karatunsa ba ya bukatar ɗagawa, wanda bai iya ba ko an ɗaga masa ba lalle ya gane ba.

Mu fara da harshe, tun da shi ne sana'armu a wannan sashe. Bahaushe in ya ji daɗi ya ce yana farin ciki, in ya ji zafi ya ce yana baƙin ciki. Launi ne guda biyu, fari da baƙi, amma an kai su an shafa a wurin da ido ba ya kaiwa. Sauran ma haka suke: rai ya ɓaci, gaba ta faɗi, gwiwa ta yi sanyi, hankali ya tashi ko ya kwanta, zuciya ta yi zafi ko ta yi fari. Duk a cikin jiki ake yin su. Fuska kuwa, dubi irin aikatau da muke haɗa ta da su: a sake ta, a ɗaure ta, a murtuke ta, a tsuke ta, a shimfiɗa ta, har muna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Waɗannan duk ayyuka ne da mutum ke yi da gangan, kamar yadda yake ɗaure akuya ko ya sake ta. Watau harshen da kansa ya riga ya raba gari biyu: abin da ke samun mutum yana ciki, abin da yake yi wa jama'a yana fuska. Shi ya sa muke da kalmar yaƙe, wadda ke nufin buɗe haƙora ba tare da daɗin rai ba, muke kuma da murmushin da ya fi kuka ciwo. Bahaushe bai taɓa yarda cewa duk haƙorin da ya gani a waje na murna ne ba.

Babban misali a wurina shi ne na ɗan fari, domin ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifiyata ta kira sunana ba. In tana nemana sai ta ce da ƙanena, "Kira mini wancan." In tana ba da labarina ga maƙwabta sai ta ce "yaron nan na wajen Inna," domin da aka yaye ni ɗakin kakata aka kai ni, a can na girma. Ba ta zama mu yi hira, ba ta yabona a gaban mutane, in an kawo mata ƙarata kuwa ba ta tambayar ba'asi, ni ne marar gaskiya. Wannan ba halinta ba ne ita kaɗai. Abin da ake sa ran kowace mace mai kunya za ta yi ke nan, mahaifi ma haka. Kuma daɗaɗɗen abu ne a yankinmu. Baba, tsohuwar nan da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo, a ƙauyen Karo ta tashi, kusa da Zarewa, wadda yau mazaɓa ce a Rogo kamar Falgore. Duk wanda ya karanta littafin zai tarar da wannan kunya ta ɗan fari a cikinsa, tare da kunyar surukai da gudun amarya. Abin da Baturiya ta ji ya zama abin rubutawa, mu a gida ko lura da shi ba ma yi.

A hutun ƙarshen shekarata ta biyu na zo gida da wani abokina da muke ɗaki ɗaya a makaranta, mutumin kudancin ƙasar nan. Na taɓa ganin ranar da mahaifiyarsa ta kawo masa ziyara: tun daga nesa ta ƙwala masa kira, ta rungume shi a bainar jama'a, ta kama kumatunsa tana cewa ya rame. Da muka isa Falgore muka shiga cikin gida, na durƙusa na gai da mahaifiyata. Tana tankaɗe a bakin ɗaki. Ba ta ɗago ba, ta ce, "An zo lafiya?" Sa'an nan ta juya wajen baƙona ta saki fuska, ta yi masa maraba har sau uku, ta tambayi iyayensa da hanya, ta sa aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Da dare muna kwance a zaure sai ya yi ƙasa da murya ya tambaye ni, cikin tausayi, ko mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Ya ɗauka kishiyar uwa ce.

Abin da shi bai gani ba, ni na gani. Na ga hannunta ya tsaya da tankaɗen lokacin da ta ji sallamata, kafin ya ci gaba. Na ga an yanka zakara, alhali ba salla ba suna. Miyar da aka yi ta kuka ce da wake, wadda duk gidan an san ni ne mai sonta, ita kuwa ba ta dame ta ba. Da asuba na ji ta tana tambayar ƙanwata, a kan wai ko "baƙin nan" sun sami ruwan zafi. Ranar komawa kuma ba ta fito rakiya ba, amma da na buɗe jakata a makaranta na tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli da mazarƙwaila da kuɗin da na san na kajinta ne, an cusa su can ƙarƙashin kaya. Wannan duk magana ce, kuma a Falgore kowa na jin ta. Da ta fito ta rungume ni a ƙofar gida, da matan unguwa sun yi ta salati suna cewa wance ta zautu, ni kaina da na tsorata, in ce ko wani mugun labari aka ɓoye mini. Kukan kurciya jawabi ne, in ji Hausawa, mai hankali ke ganewa.

Kada a ce ƙauna a wurinmu kullum a rufe take. Tana da ƙofar da take fita, sai dai ƙofar ma tana iya ruɗa baƙo. Kakata, wadda ta raine ni, ba ta taɓa gaya mini magana mai daɗi ba. "Mijin banza," haka take kirana, "ka zo hannu rabbana, ko goro babu, ni na sake ka." Ni kuma in ce ai ta tsufa, amarya zan yi. Haka abin yake tsakanin taubasai, haka yake tsakanin Fulani da Barebari, haka kuma tsakanin Kanawa da Zagezagi, wanda mu mazauna bakin iyaka muke sha kusan kowace ranar kasuwa. Wanda bai san wasan ba zai ji zagi, ya jira a kaure da faɗa. Mu kuwa ranar da kaka ta daina tsokanar jikanta, ranar muke sanin ko ba ta da lafiya ko an yi mata laifi. Ga uwa mai tsananin so tana nuna kamar ba ta damu ba, ga kaka mai tsananin so tana nuna kamar ta tsana. In aka ɗauki hoton fuskokinsu aka kai wa mutanen Fore, ko aka kai Landan, ban ga wanda zai ci wannan jarrabawa ba.

Sai maganar ido. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya da ladabi cikin halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, kuma duka biyun a ido ake fara ganinsu. Yaron da ya tsare babba da ido ana yi masa faɗa, mai tsaurin ido ne, ba a son a haɗa zuri'a da shi. A makarantun Ingila da Amurka kuwa akan ce wa yaro ya dubi malami in yana yi masa magana, kuma wanda ya sunkuyar da kai ana zarginsa da ɓoye wani abu. Abu ɗaya ne, sunkuyar da kai, a nan shaidar tarbiyya, a can alamar rashin gaskiya. Ɗan Falgore da ya je neman aiki ko neman biza a gaban Bature yana iya faɗuwa saboda abin da ubansa ya sha wahala ya koya masa.

Akwai kuma alamun da muke ɗauka kowa ya san su, alhali namu ne. Tsaki da harara su ne misali. A 1976 John Rickford da Angela Rickford, 'yan asalin ƙasar Giyana, sun buga nazari a kan waɗannan biyun, inda suka nuna cewa baƙaƙen fata na tsibiran Karibiyan da na Amurka suna yinsu suna kuma gane su, fararen Amurka kuwa mafi yawansu ba su san ma'anarsu ba. Suka danganta asalinsu da Afirka. Abin ya burge ni ƙwarai: bayi sun rasa harsunansu a hayin teku, amma tsaki ya tsira. A Falgore yaro ya yi wa babba tsaki babban laifi ne, ya fi zagi a wurin wasu; a gaban wanda bai san shi ba kuwa ƙarar iska ce kawai tsakanin haƙora. Ƙwafa ma haka, wadda ke cewa "za mu haɗu," da tagumi, wanda in yaro ya yi sai a buge hannunsa a ce uwarsa da ubansa na da rai.

A wurin mutuwa abin ya kasu biyu a gida ɗaya. Cikin gida mata na iya fashewa da kuka lokacin da rai ya fita da lokacin da aka ɗauki gawa, tsofaffi na tsawatarwa suna cewa a yi salati. A ƙofar gida kuwa uban mamaci na zaune a kan tabarma, fuskarsa kamar ba shi aka yi wa ba. A ce masa, "Ya haƙuri?" ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki," ko "Da godiya." Malamai sun karantar da mu cewa addini bai hana hawaye ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kururuwa da yage tufafi aka hana. Amma al'ada ta ƙara nata a kan na shari'a, har namiji na jin kunyar hawayen da aka halatta masa. Duk da haka masu zaman makoki suna karanta shi sarai. Suna ganin carbin da ke tafiya da sauri fiye da kullum, da amsar da ke zuwa a makare, da abincin da aka kai masa ya dawo ba a taɓa ba. A wasu sassan kudancin Nijeriya da Gana, inda ake yi wa tsoho biki da kiɗa in ya rasu, wannan shirun namu zai yi kama da rashin damuwa, kamar yadda kiɗansu ke yi mana kama da rashin jimami. Kowa na kallon ɗan'uwansa yana mamakin taurin zuciyarsa.

Wani lokaci kuma al'adar cewa take a nuna, ko ana ji ko ba a ji. Amarya dole ta yi kuka ranar da za a kai ta, ko da ita ta zaɓi angon, ko da ta shekara tana ƙirga kwanaki. Wadda ta tafi da busasshen ido za ta sha gori har ta yi jika. Ƙawayenta kuwa sun san bambancin kukan al'ada da kukan wadda aka yi wa dole, ko da yake hawayen iri ɗaya ne. Maƙwabtanmu Fulani, waɗanda daga wajensu muka ari kalmar fulako, sun kai abin ƙarshe a wurin sharo, wanda yanzu ya ja baya ƙwarai: saurayi ya tsaya a buɗe da ƙirji ana zabga masa tsumagiya, shi kuwa yana murmushi yana kirari, wani ma da madubi a hannu yana duban fuskarsa. Ba wanda ke wurin da ya ɗauka ba ya jin zafi. Zafin da kowa ya san yana ji shi ne ya ba murmushin daraja.

Binciken da aka yi daga baya ya ƙarfafa mini gwiwa a kan wannan ra'ayi. A 2014 Maria Gendron da Lisa Feldman Barrett da abokan aikinsu sun je wurin makiyayan Himba na arewacin Namibiya, suka ba su hotunan fuskoki, amma ba su ba su sunayen da za su zaɓa ba, suka ce kowa ya kasa su yadda ya ga sun dace. Kashin da suka yi bai fito shida irin na Ekman ba, kuma sun fi bayyana abin da mai hoton ke yi, wannan yana dariya, wannan yana kallon wani abu, a kan abin da yake ji. A 2016 kuma Carlos Crivelli da abokansa suka nuna wa matasan tsibiran Trobriand fuskar nan ta zare ido da buɗe baki da Turawa ke kira ta tsoro, su kuwa suka ce ta barazana ce, mai ita faɗa yake nema. Har yau masana ba su gama wannan muhawara ba, kuma ni ban ce babu abin da 'yan Adam suka yi tarayya a kai ba. Jariri a Falgore da jariri a Tokiyo kuka ɗaya suke yi in sun ji yunwa. Abin da nake cewa shi ne, daga ranar da aka yaye su kowa harshen garinsu yake koya, na baki da na fuska.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce hira ce mai daɗi ta 'yan sashen Hausa. Amma akwai inda rashin fahimtar nan ke cin rai, kuma ba zan ɓoye shi don son al'adata ba. Mace mai cikin fari a wurinmu ana so ta ji kunyar cikin, kada ta yi zancensa, kada ta yi raki ranar naƙuda. Wadda ta yi ihu za a yi mata waƙa. L. Lewis Wall, likita kuma masanin al'adu da ya zauna a ƙasar Malumfashi, wadda ba ta da nisa da mu, ya ambaci wannan kunya a nazarinsa na 1998 cikin abubuwan da ke jawo jinkirin kai mata asibiti, jinkirin da ke haifar da doguwar naƙuda da yoyon fitsari da mutuwa. Ba sai na je laburare na tabbatar ba. Wata 'yar ƙanwar mahaifina ta kwana ta wuni tana naƙuda a ɗakin uwarta ba wanda ya sani, domin duk wanda ya leƙa sai ta ce ba komai. Da aka farga aka kai ta wani asibiti, ma'aikaciyar da ke aiki a daren, wadda ba 'yar yankin ba ce, ta dube ta ta ga tana kwance shiru, sai ta wuce wajen wasu mata biyu da ke kururuwa. Ban ga laifinta ba. A harshen da ta sani, mai ihu ita ce mai ciwo. Wata tsohuwa mai shara ce ta lura da yatsun ƙafar yarinyar a ƙanƙame, da zufar da ta jiƙe zanen, da leɓen da ta ciza har ya fashe, ta je ta kamo hannun ma'aikaciyar ta ce, "'Yar nan, wannan ta fi su jin jiki." Aka yi mata aiki, Allah ya tsare uwar, ɗan bai zo da rai ba.

Tun daga ranar na daina jin daɗin yabon da ake yi wa mace cewa ta haihu ko tari ba a ji ba. Kara tana aiki ne inda kowa ya san ta, inda in na yi shiru akwai mai karanta shirun. Ɗakin haihuwa na asibiti, da ofishin 'yan sanda, da kotu, wurare ne da ke haɗa mai shiru da wanda bai koyi karatun ba. A nawa ganin, ko dai a koya wa ma'aikatan da ake turowa ƙauyukanmu cewa "da sauƙi" a bakin Bahaushe ba rahoton lafiya ba ne, domin mai gargara ma haka yake cewa, ko kuwa iyaye mata su yarda su cire naƙuda daga cikin abubuwan da ake yi wa kara. Na fi son a yi duka biyun. Tsohuwar nan mai shara tana da ilmin da babu shi a takardar shaidar kowa a asibitin, kuma aikin irinmu ne mu rubuta shi.

Yanzu ma an ƙera na'urori masu ƙwaƙwalwa da ake cewa suna duban fuska su faɗi abin da mutum ke ji, galibinsu a kan rabon nan shida aka gina su. Kamfanin Microsoft ya janye irin wannan daga kayansa a 2022, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da su a makarantu da wuraren aiki a dokarta ta 2024, in ban da don lafiya ko kare haɗari. Na kan yi tunanin abin da irin wannan na'ura za ta rubuta in aka ajiye ta a zauren makoki a Falgore, ko a gaban mahaifiyata tana tankaɗe.

Su ma dokokin namu ba a tsaye suke ba. Finafinan Indiya, da littattafan soyayya da suka yawaita a Kano tun daga shekarun 1980, da finafinan Hausa, da wayar hannu, duk sun koya wa matasa faɗin abin da iyayensu ke kunyar faɗa. Ƙanwata da aka yi wa aure a Karaye ta haifi ɗanta na fari bara. Tana kiran sunansa gatsau, tana yi masa rawa, har hotonsa ta sa a WhatsApp da ɗan zanen zuciya ja a ƙasa. Da ta zo wankan jego, mahaifiyarmu ta ji ta tana kiransa, ta yi tsaki ta ce 'ya'yan yanzu ba su da ta ido. Sa'an nan ta miƙa hannu ta karɓe shi, ta ɗora a cinya, ta dube shi ta ce wannan mummunan miji ita ba ta so, a mayar da shi inda aka samo shi. Ba ta sauke shi ba har aka kira magariba.